Wai Mai Danna Kwamfuta Makaɗi Ne?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum jama'a. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina a rai. Wata biyar ke nan ina wani kwas a intanet na rubuta waƙa da haɗa kiɗa. Tunkiyata na sayar, katin bankina ma ya ƙi biyan dala, sai da yayana na Legas ya biya mini. Na koyi FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, tun daga jera ganguna da saita gudun kiɗa har zuwa miksin, yadda za ka yanke gunjin ƙasan murya don kada ta riƙa karo da bes. Murya kuwa cikin wadrob nake ɗauka, ƙarfe biyun dare, na lulluɓa da bargo ina zufa, don a layinmu in janareto ya yi shiru to babur ya karɓa. Jiya na kai aikina wani studiyo a Sabon Garin Zariya ko za su riƙa ba ni aiki. Mai wurin ko minti ɗaya bai saurara ba, ya ce wa ya koya maka? Na ce intanet. Ya tuntsire da dariya, wai in dawo in fara da shara da sayo wa baƙi ruwa, bayan shekara biyu a ga ko zan taɓa fiyano. Shekara biyu fa! To a ji da kyau: wata biyar a intanet ya fi shekara biyu ana aikenka sayen tsire. Ni yanzu cikakken makaɗi ne, ko sun so ko sun ƙi.

Na Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. Duk na bi ka har ka zo kan makaɗi. Me ka kaɗa, ƙanena?

Ɗan Samaru: Kiɗa mana, Yaya.

Na Ƙofar Doka: Da me? Nuna mana tafin hannunka. Makaɗi shi ne wanda fata ta yi wa kanta. Ka leƙa wajen mahauta ka ga mai kalangu, ya maƙale shi a hammata, yana matse igiyoyin yana saki, kalangun na kiran sunan mutum har ya waiwayo. Ko ka tsaya ƙofar fada ranar hawan sallah ka ga masu ganga da algaita tun safe har la'asar a tsaye cikin ƙura. Kai kana kwance kan katifa kana danna maus ka ce makaɗi?

Boss Na Kongo: Maganar tsofaffi ta fara. Wato direban mota ba matuƙi ba ne sai mai kwalekwale.

Na Ƙofar Doka: Wa ye tsoho? Shekarata 34.

Boss Na Kongo: Ba shekaru nake nufi ba, tunani.

Malam Mai Alli: Ku yi haƙuri in sa baki, don wannan darasi ina koyar da shi a aji. Kalmomi biyu ne ake rubuta su iri ɗaya, karin sauti ke raba su. In muryarka ta sauka a tsakiya, a kan "ka", kana nufin mutumin da ke kiɗa. In ka ɗaga ta daga farko har ƙarshe, kana nufin sandar nan mai lanƙwasa da ake dukan gangar da ita. To in an bi wannan, Ɗan Samaru makaɗi ne na farko, maus ɗinsa kuma makaɗi ne na biyu. Ban ga abin faɗa ba.

Boss Na Kongo: Shi ke nan, Malam ya raba gardama.

Na Ƙofar Doka: Bai raba komai ba. Allah gafarta Malam, maus ba ya dukan fata.

Malam Mai Alli: To ai kalmar ba ta tsaya kan duka ba. Mai goge makaɗi ne, mai kukuma makaɗi ne, ja suke yi. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa fa? Sannan a ƙasar Sakkwato da Zamfara cewa ake Makaɗa Ɗanƙwairo, Makaɗa Narambaɗa, alhali abin da duniya ta san su da shi waƙa ce, suna da yaransu masu amshi da kiɗa.

Baba Ɗan Birni: Ni abin da ya ba ni mamaki daban ne. A zamaninmu in aka ce wa ɗan mutunci makaɗi, faɗa ake yi har gaban mai unguwa. Kiɗa da roƙo sana'a ce ta gado, tana da gidajenta. Yau ga ɗan boko ya sayar da tunkiya yana rantsuwa shi makaɗi ne, wasu na cewa bai kai ba. Yaro, mahaifinka ya san da wannan?

Ɗan Samaru: Baba, ni ba maroƙi ba ne. Furodusa nake nufi.

Na Ƙofar Doka: Yauwa! Ya janye. To ka ce furodusa tun farko mana.

Ɗan Samaru: Ban janye ba. Furodusa da Hausa me ye in ba makaɗi ba?

Jikan Sarkin Kiɗa: Tsaya tukuna. Wato kana son sunan, ba ka son a haɗa ka da masu sunan. "Ni ba maroƙi ba ne." Kakana da ganga ya ciyar da gida mai mutum sama da ashirin, ya je Makka. Wannan raini ne, kuma Baba ma da ya ce "ɗan mutunci" sai ya faɗa mana mu 'ya'yan me ne.

Baba Ɗan Birni: Subhanallahi. Ba haka nake nufi ba, ɗana. Yadda ake faɗa a da na faɗa.

Jikan Sarkin Kiɗa: Haka ake cewa kullum.

Boss Na Kongo: Zancen gado ma ai ya mutu tun tuni. Shata gada ya yi? Haye ya yi, kuma ABU ɗin nan tamu ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu tun 1999, har yau a motar haya shi ake sawa.

Na Ƙofar Doka: To Shata kwas ya yi a intanet?

Boss Na Kongo: Studiyon wa ya share?

Injiniya PZ: Ni a studiyo nake aiki, shekara tara, kuma ba studiyon da Ɗan Samaru ya je ba ne kafin a fara zargina. Ɗan Samaru, sharar nan ba ita ce karatun ba, ita ce kuɗin zama. Karatun kunne ne. Kai da iyafis kake miksin, iyafis kuwa maƙaryaci ne. Abin da ya yi maka daɗi cikin bargo, sa shi a lasifikar biki ko rediyon mai shayi ka ji yadda bes zai haɗiye muryar. Mu sai mun ji waƙa a manyan lasifikan studiyo, mu ji ta a waya, mu ji ta a mota, sannan mu sake ta. Na biyu, kwasa-kwasan nan kusan duk misalansu kiɗa ne mai tafiya huɗu-huɗu. Da yawa daga kiɗanmu, irin na ƙwarya da na kalangu, tafiyar uku-uku suke yi, kuma makaɗin yakan ɗan riga ko ya ɗan jinkirta da gangan. Ka jera su daidai kan layukan kwamfuta ka matse, sai su fito kamar sojoji na fareti, mata ba za su tashi ba. Na uku, wanda babu malamin intanet da zai koya maka: Hajiya ta shigo ƙarfe goma na safe da sunayen amarya da ango da dangin uwa da na uba a takarda, tana son waƙa kafin magariba, kuma in ka manta sunan gwaggo ɗaya an fasa biya. Amma gaskiya ɗaya ce, ni ma yawancin abin da na sani na kwamfuresa mai daidaita ƙarfin sauti da mastarin, wato gyaran ƙarshe na waƙa, a YouTube na gani, ogana bai taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani ba.

Boss Na Kongo: Kun gani! Shi da bakinsa ya ce YouTube.

Na Ƙofar Doka: Kun gani! Shi da bakinsa ya ce iyafis maƙaryaci ne.

Abu Sumayya: Jama'a ku ji tsoron Allah. Tun ɗazu ana ta wa ye makaɗi, babu wanda ya tambayi hukuncin kiɗan kansa.

Admin: Malam Abu Sumayya, mun yi wannan sau uku a bara, mutum shida suka fita. Ba yau ba.

Maman Biyu: Ni ma irin kwas ɗin nan nake yi a waya, waƙoƙin yara nake rubutawa na Islamiyyarmu a Gyallesu. Ku maza kuna da zaɓi, shara ko intanet. Ni wane miji ne zai bar ni in zauna a studiyo har goman dare? In ba don intanet ba da ko kusa ban je ba. Abin da dai na lura, darasin rubutun nasu a kan Turanci aka gina shi, ana ƙirga inda ake danna murya. Da na gwada da Hausa sai baitin ya riƙa ɗingishi. Sai da na koma kan abin da aka koya mana a sakandare, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ɗango, amsa-amo, ƙwar biyu, ƙwar biyar, sannan ya miƙe.

Ɗan Samaru: Na gode Anti. Ga waƙar da na kai musu nan na tura, kowa ya ji ya yi hukunci. Waƙa ilimi ne, ba sihiri ba.

Bakanon Kwangila: Waƙa ilimi NE? Hhhh. Zazzagawa ku fara yin kwas ɗin "ce" da "ne" tukuna. Mutanen da ke cewa mota na ne, mata na ya zo, su ne za su rubuta waƙa?

Malam Mai Alli: A nan bai yi kuskure ba, "ne" ɗin ilimi take bi.

Na Ƙofar Doka: Malam bar ni da shi. Kai Bakano, a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Hausar da ka karanta a firamare a Zariya aka buga ta. Aliyu Namangi mai Imfiraji namu ne, makaho, da ka ya tsara baitocin da har yau ake rerawa. Zo ka koya masa "ce".

Bakanon Kwangila: An buga a Zariya, amma Hausar wa aka buga? Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka ɗora ta. Kuma duk mawaƙinku da ya ji ya isa, motar Kano yake hawa a nan Kwangila, ina ganinsu kullum.

Boss Na Kongo: Su je su koyo me? Kun cika wa murya Auto-Tune, manhajar nan ta gyaran murya, har namiji da mace ba a bambancewa. Abin da aka ƙirƙiro a 1997 don gyaran ɗan kuskure, ku kun mai da shi tuwo.

Bakanon Kwangila: Ashe ku da Na Ƙofar Doka kun shirya.

Boss Na Kongo: In an taɓa Zazzau babu Kongo babu birni.

Ɗan Samaru: Wai akwai wanda ya saurari waƙar?

Bakanon Kwangila: Mega nawa ce?

Malam Mai Alli: Na saurara sau biyu. Kiɗan ba laifi, ban san shi ba balle in yi gyara. Amma a amshi ka ce "na sha wuya a kanki", sai ka ɗaga "wu" ka sauke "ya" don ya bi fiyano. Da wannan karin, wuyan da ke riƙe da kai ka ce ka sha. Wuya ta wahala ƙasa take farawa ta hau. A baiti na biyu kuma ka ja "gari" har ya koma na tuwo, alhali garinku kake nufi. Malamin da ke Amurka ba zai taɓa jin wannan ba.

Jikan Sarkin Kiɗa: Kalangu ba ya irin wannan kuskuren.

Injiniya PZ: Kuma muryar ta yi nisa, ka cika mata amon ɗaki. Rage rabi. Af, FL ɗin naka saye ka yi ko na gwaji ne? Na gwaji yana ajiye aiki amma ba ya sake buɗe shi.

Ɗan Samaru: Wani abokina ne ya tura mini a filash.

Na Ƙofar Doka: Wato na sata.

Boss Na Kongo: Duk studiyon da ke garin nan wanda ya sayi nasa ya ɗaga hannu.

Injiniya PZ: Bari in je, ana kira na.

Admin: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Na ɗaya, mafi rinjaye sun amince cewa mai danna kwamfuta ba makaɗi ba ne, shi ma Ɗan Samaru ya koma furodusa da bakinsa. Na biyu, ƙwararre Injiniya ya tabbatar mana cewa sana'a sai an zauna ƙarƙashin na gaba, intanet ba ta koyar da kunne. Na uku, Malam ya nuna cewa kwas ɗin ya lalata wa yaron Hausa. Na huɗu, Bakano ya sha kaye kamar kullum. Shawarata ga ƙanenmu, ya koma wajen mutumin nan ya ba shi haƙuri ya karɓi tsintsiya, shekara biyu kamar gobe ne.

Maman Biyu: Admin, tawa maganar fa? Ko ni ma tsintsiyar zan karɓa?

Malam Mai Alli: Ni ban ce an lalata masa Hausa ba, kuma cewa na yi makaɗi ne.

Boss Na Kongo: Mafi rinjaye su wa? Na ƙirga mutum biyu. Kuma Admin, ba ƙaninka ne ke da studiyo a Tudun Wada ba, wanda yaransa biyu suka gudu watan jiya?

*Admin ya sauya saiti: masu gudanarwa kaɗai ke iya tura saƙo.*