Bakteriya ko ƙwayar cuta? A zo a tsayar da magana

Salamu alaikum jama'a, malaman Hausa da likitocin dabbobi ku matso kusa. Ana haɗa wata 'yar takardar wayar da kai don masu kiwon kifi na nan Katsina, an zo babin cututtuka sai aiki ya cije a kan kalma biyu na Turanci, bacteria (wasu ƙananan halittu da ido bai gani) da pathogen (duk irin waɗannan da ke kawo ciwo). Wanda ya fara fassarawa ya zuba "ƙwayar cuta" a duka biyun, da ya iso kan virus, wani nau'in daban da ba bacteria ba, nan ma ƙwayar cuta ya ce. Ni dai ban gamsu ba.

Ga hujjata. Daddawar da ke miyar kukarmu, bacteria ce ke nunar da kalwar in an dafa an rufe ta, Bacillus ake ce mata, ita ke kawo wannan yauƙin da warin da ke sa maƙwabta su san ana daddawa a gida. Kindirmo ma wasu bacteria ke sa shi ya yi barci. To je ka ce wa Inna mai daddawa ƙwayar cuta ce ke mata aiki ka ga abin da zai biyo baya. Ko a tankin kifi akwai irinsu masu amfani, masu sarrafa gubar da ke fita daga kashin kifi. Kenan ba kowace ce mai cuta ba, mi zai sa mu laƙa masu sunan cuta gaba ɗaya?

Malam da ka ce a kira bacteria "ƙwayar halitta", Allah shi gafarta Malam, wannan an riga an cika mata kaya. Rediyo na kiran gene (abin da ke ɗauke da kamannin da ake gada daga iyaye) da ita, masu koyar da kimiyya na kiran cell (ƙaramin tubalin ginin jiki) da ita, in muka ƙara mata na uku mai sauraro ba zai san wanne ake nufi ba.

Ƙanena mai cewa "ɓoyayyen ƙwaro", wallahi ta yi daɗi a kunne amma ina tsoronta. Manomin Batsari ko Mai'adua in ya ji ƙwaro hannunshi zai kai ga maganin feshi, kuma in wannan ya shiga ruwan kifi ai ba sai an faɗa ba.

Da aka ambaci cututtukan kifin teku, wani ya ce wai mi ya haɗa mu da kifin teku tunda madatsun ruwan Zobe da Jibiya da Sabke ne iyakar ruwanmu, kifin teku sai dai a ƙanƙara mu gan shi. Gaskiya ne, amma abubuwa da dama da aka sani kan cututtukan kifi daga can aka koyo su. Akwai Vibrio anguillarum, 'yar lanƙwasasshiya mai wutsiya da ke son ruwan gishiri in ya yi ɗumi, tun 1909 aka raɗa mata wannan suna bayan ta addabi wani dogon kifi mai zubin maciji a Turai. In ta kama kifi za ka ga gindin fiffikenshi ya yi jaa, jiki ya yi duhu, ido ya kumburo, gyambo ya buɗe a gefe, ya daina cin abinci. Kuma dangi ɗaya suke da Vibrio cholerae mai kawo mana kwalara da damina. Akwai Aeromonas salmonicida mai sa kifin salmon marurai, a Jamus aka gano ta a 1894. Ita kuma 'yar uwarta Aeromonas hydrophila ba sai an je teku ba, tana nan cikin kududdufinmu, in ruwa ya ɓaci ko an cunkusa tarwada ita ke fito masu da gyambo da kumburin ciki, ka tashi da safe ka tarar wasu sun juya ciki sama.

Nan ne maganar suna ta zama ta kuɗi. Antibayotik irin su oxytetracycline bacteria yake kashewa, bai taɓa virus ko kaɗan. Akwai virus ɗin da ke kashe karfasa wanda aka gano a Isra'ila a 2014, ko buhu ka juye mata na antibayotik a banza. In takarda ta kira su duka ƙwayar cuta, mai kifi zai ruga kemis ya sayo kafso ja da rawaya ya farfasa cikin abinci a kan kowane ciwo, kuɗi su tafi, kifi su mutu, ragowar bacteria kuma su saba da maganin. Norway ta bi ta wannan hanya, a 1987 kusan tan 50 na antibayotik suka ɗura wa kifinsu, sai da suka koma allurar rigakafi, kifi ɗaya bayan ɗaya ake tsirawa a ciki, sannan abin ya faɗo ƙasa warwas duk da kiwon ya ninka.

Hajiya malamar Hausa ta ce aro ba abin kunya ba ne, mun ari mota mun ari asibiti ba wanda ya mutu. Na bi bayanki Hajiya. Dama 'yan jarida sun fara cewa bakteriya da bairos, bakin mutane ya ɗan saba.

To ga inda muka tsaya da waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu: bacteria ta zama bakteriya, virus ta zama bairos, ita kuma ƙwayar cuta a bar ta ga pathogen kaɗai, wato duk wani abu da ido bai gani in dai yana kawo ciwo. Bacterial pathogen sai a ce bakteriya mai cuta. A takarda zai fito haka: "Gyambon tarwada yawanci bakteriya mai cuta ke kawo shi, a fara canza ruwa a rage cunkoso, kar a ba da magani sai likitan dabbobi ya duba."

Saura sunan ciwon da Vibrio ke kawowa, vibriosis. Wani likita daga Daura ya ce "jan gyambo", wani ya ce ai Aeromonas ma jan gyambon take yi. Mai wata shawara ya ajiye a ƙasa kafin a kai takardar wurin bugawa.