Wasan curling: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Malamai, a taimaka da shawara. Ana son rubuta tarihin Jennifer Jones, 'yar birnin Winnipeg da ta ci kambin matan Kanada sau 6 a wasan curling, daga 2005 zuwa 2018, ta ci na duniya a 2008 da 2018, ta kuma ɗauko zinare a Olamfik na Sochi a 2014 ba tare da an doke tawagarta ko sau ɗaya ba. To wasan me za a ce ta yi?

Ga yadda ake yinsa. Fili ne na ƙanƙara mai tsawon kusan mita 45. Kowace tawaga mutum 4, kowa ya saki dutse 2 a zagaye guda. Dutsen ya kusa kilo 20, da mariƙi a kansa. Ana so ya je ya tsaya a tsakiyar wata da'ira da ke can ƙarshen fili, wadda su ma gida suke ce mata, kamar a dara. Wannan kam mun huta. Asalin wasan daga Scotland ne, kuma har yau ana sassaƙo duwatsun daga wani tsibirinsu, Ailsa Craig.

Wani ya kawo "jifan dutse". Ban yarda ba, jifa a sama take tafiya, wannan kuwa ba ya barin ƙasa. "Gara dutse" ma haka, don ba mirginawa yake yi ba. Masu barkwanci sun ce "wasan shara", saboda mutum biyun nan da ke bin dutsen da buroshi suna goge gabansa kamar za su huda ƙanƙarar. Abin dariya ne a ido, amma ba datti suke kwashewa kawai ba: gugar tana ɗan ɗumama ƙanƙarar, dutsen ya ƙara nisa, ya rage karkata.

"Zamiyar dutse" ta fi su, sai dai ta bar gwanintar a baya. Lokacin saki, ɗan wasa yana ɗan murza mariƙin, dutsen ya tafi yana juyawa a hankali, hanyarsa ta lanƙwashe ya zagaye wanda aka girke don tare shi. Daga wannan lanƙwasa Turawa suka samo sunan. A wasan ƙarshe na gasar Kanada ta 2005, tawagar lardin Ontario na gaba da 6 da 4, saura dutse ɗaya a hannun Jones. Ta auna wani dutse da ke wajen gida, nata ya doke shi ya karkato ciki, ya ture na abokan hamayya. Duwatsun tawagarta 4 suka zama mafi kusa da tsakiya, wato maki 4 a take, aka tashi 8 da 6. Wa zai kira wannan zamiya?

Ni dai na tsaya a kan "murza-dutse". Murza ta ɗauki juya mariƙin, ta kuma ɗauki gugar masu buroshi. Tana da sauƙin ɗorawa: ɗan murza-dutse, 'yar murza-dutse, gasar murza-dutse ta ƙasa. Wata baiwar Allah ta ce zai kai hankalin mutum kan dutsen niƙa. Hajiya, gaskiyarki, amma a farkon labari sai a rubuta "murza-dutse a kan ƙanƙara", daga baya a gajarta.

Saura wanda ke tsayawa a gida yana nuna inda za a auna, yana ƙwala wa masu guga kira, shi ne kuma yakan saki duwatsun ƙarshe. Matsayin Jones ke nan. Kyaftin za mu bar shi, ko madugu?