Mun tare a sabon gida, waje duk ƙura da ɓaraguzai: ku ta ina kuka fara?

Sabon Maigida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da muka tare a gidanmu, Alhamdu lillahi. Ciki ya kammala daidai gwargwado, amma waje kam sai a hankali. Katanga filasta ce tsirara ba fenti, get ɗin ƙarfe har ya fara tsatsa daga gindi, farfajiya kuwa daga ƙofa har baranda ba komai sai busasshiyar ƙasa da guntayen bulo da magina suka bari. Gini ya cinye abin hannu, ɗan abin da ya rage ba zai ɗauki aikin duka ba. Maiɗakina tana so a fara da shuke-shuke, ni kuma zuciyata tana kan fenti, don duk sanda na dawo daga aiki na hango katangar nan sai in ji kamar ba a gama gidan ba. Waɗanda suka riga mu bin wannan hanya, don Allah ku faɗa mana abin da kuka yi, musamman wanda kuka yi daga baya kuka ce da kun sani.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa gidan zama ne. Ɗan'uwa, kafin fenti da fure ka fara duba inda ruwa zai bi. Ni da rani na tare, na yi fenti mai kyau, na jera furanni a gindin bango. Ruwan farko da aka tafka sai na wayi gari na tarar da tafki a jikin ɗakin yara. Ashe ƙasar da aka cike gefen tushen gini da ita ta zauna, gangaren ya koma yana kallon gida maimakon waje. Kafin damina ta fita danshi ya hau bango kusan tsayin gwiwa, fentin ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar gishiri ya fito. Furannin da na kashe wa kuɗi, da hannuna na tumɓuke su don a ƙara ƙasa.

Gyaran kansa bai ci abin kirki ba, shi ne ma abin da ya fi min ciwo. Turaku biyu, igiya, da siririn tiyo mai garai-garai da aka cika da ruwa don auna daidaito. Muka zuba ƙasa muna daddaɓewa har ta sauka kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga bango. Sannan duk inda indararo yake zubowa muka sa shimfiɗaɗɗen dutse da 'yar magudana ta kai ruwan waje. Da a ce wannan na fara yi, fenti sau ɗaya zan saya.

Tsohon Birkila:
Baban Yara ya faɗi gaskiya. Na fi shekara talatin a harkar gini, kuma zaman ƙasa a gefen sabon gini ba abin mamaki ba ne: an tona, an mayar, ba ta da ƙarfin wadda ba a taɓa ba, sai ta sha ruwa take samun wurin zamanta. Amma in za ka ƙara ƙasa kada ka wuce gona da iri. Ka bar aƙalla santimita 15 tsakanin ƙasar waje da daɓen cikin ɗaki, in ba haka ba kai da kanka ka yi wa danshi tsani.

Batun fenti kuma, yarona, sabuwar filasta ba ta son gaggawa. Siminti yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, kuma ko bayan haka akwai ruwa a cikin bango. Ga gwajin da nake yi: ka sami leda mai faɗin tafin hannu huɗu, ka manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana ɗaya. In ka tarar da raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bango bai shirya ba. Farin gishirin nan kuma da busasshen burushi ake kakkaɓe shi, in ka wanke da ruwa narkewa yake ya koma ciki. Kada mai fenti ya ce maka a tsallake shafin farko don a rage kuɗi, shi ne yake hana filasta shanye fentin gaske. A nawa gidan, da kuɗi suka gaza, fuskar da ke kallon titi kaɗai na yi, sauran ɓangarori uku suka jira shekara guda. Na kuma zagaye ƙasan bango da launi mai duhu kamar rabin mita, saboda nan ne feshin ruwa da laka suke ɓatawa. In ya yi datti, shi kaɗai za ka sake.

Get ɗinka ne kawai ba zai jira ba. Tsatsa ba ta hutu. Ka goge da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito, ka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan fentin mai. Aikin yini ɗaya ne.

Maman Tagwaye:
Ni dai ina bayan uwargidanka. Ba sai an jira komai ya kammala sannan a ga ɗan kore a gida ba. Sai dai kada ta yi irin nawa. Na sayo dashe goma sha biyu na shuka kai tsaye a farfajiya, tara suka mutu cikin wata guda. Ganyen ya yi ɗorawa, ina ta ƙara ruwa ina zaton ƙishi ne. Ranar da na tona gindin ɗaya sai na ci karo da dunƙulen siminti, ashe daidai nan aka riƙa kwaɓa kankare. Siminti yana lalata ƙasa, tsiro ya kasa jan abincinsa, ga shi motocin yashi sun danne wurin ya zama kamar dutse, saiwa ba ta da inda za ta kutsa.

Abin da muka yi ni da yara: kullum da yamma mu tone ɗan yanki da diga, mu tsince ɓaraguzai a baro. Sati uku muka yi. Ɓaraguzan ba mu zubar ba, su muka farfasa muka zuba a ƙarƙashin hanyar shiga. Sannan na gwada ƙasar: rami mai zurfin santimita 30, na cika da ruwa, ya tsotse, na sake cikawa. Inda ruwan ya kwana a ramin ban shuka komai ba sai da na ɗaga wurin na gauraya da ruɓaɓɓen taki. Ruɓaɓɓe fa, ɗanyen taki ƙona saiwa yake.

Karo na biyu kuma ko dashe ɗaya ban saya ba. Na bi maƙwabta da 'yan'uwa ina roƙon reshe. Furanni da yawa daga yanka suke kamawa: reshe mai tsawon taƙi ɗaya, a cire ganyen ƙasa, a soka a ƙasa mai yashi a ajiye a inuwa. Bokitan fentin da suka ƙare na wanke na huda gindinsu, su ne tukwanena. Amfanin tukunya shi ne ko za a zo gyaran gangare irin na Baban Yara, ɗauke ta za a yi a matsar. Kuma abin da ya rayu a gidan maƙwabcinka ba tare da wahala ba, shi zai rayu a naka.

Kakan Gida:
'Ya'yana, ku bar ni in yi maganar bishiya. Fenti yini biyu ne, fure wata biyu, inuwa kuwa shekaru take ci, kuma ba a sayenta da kuɗi. Don haka ko ba ka yi komai ba bana, ka dasa bishiya ɗaya. Ƙarama ma ta fi, ta fi araha, ta fi saurin kama ƙasa.

Amma ka auna kafin ka tona. Ni cediya na dasa taku uku daga katanga, don ina son inuwa a bakin ƙofa. Shekara takwas muna jin daɗinta. Daga nan katanga ta tsage daga sama har ƙasa, daɓe ya ɗago, ruwan banɗaki ya daina wucewa. Da aka tona bututun sokawe, saiwa ce cunkus a ciki kamar gashi. Ranar da aka sare ta ban iya tsayawa kallo ba, shiga ɗaki na yi. Cediya da durumi da danginsu ba na ƙaramar farfajiya ba ne. Babbar bishiya irin mangwaro ko darbejiya ka ba ta mita 6 ko fiye daga gini da bututu, ka ɗaga kai kuma ka duba wayar lantarki. In wurin bai kai ba, nemi wadda ba ta girma sosai. Ramin ya ninka faɗin ƙasar da ke jikin saiwar sau biyu, amma zurfinsa kada ya wuce nata. Binne wuyan bishiya yana kashe ta a hankali. In da hali ka sa ta ta yamma da gida, ta tare maka ranar la'asar.

Malamin Lissafi:
Ni ciyawa ce ta ba ni wahala. Na shimfiɗa ta a wuri mai mita 8 a tsaye, 5 a kwance, murabba'in mita 40 ke nan. Ciyawa tana son ruwa mai zurfin kamar santimita 2.5 duk sati, wato lita 25 a kowane murabba'in mita. Ka lissafa: lita 1,000 duk sati in ba a ruwan sama. Ban yi wannan lissafi ba sai da rani ya shigo. Na rage ta zuwa ɗan yankin da yara suke wasa, sauran na zuba tsakuwa.

Hanyar shiga kuma ban zana ta da kaina ba. Na bari muka yi wata guda muna tafiya, sawunmu ya fitar da layi daga get zuwa baranda, nan na bi. Faɗi mita ɗaya, na kwashe ƙasar sama, na daddaɓe ɓaraguzai, sannan tsakuwa mai kaurin santimita 5. Na kafa ragowar bulo a gefe biyu, don in babu abin tarewa tsakuwa watsewa take. Kuskurena ɗaya, na shimfiɗa baƙar leda a ƙasa don hana ciyayi fitowa. Ruwa ya kasa nutsewa, hanya ta riƙa kwanciyar ruwa, dole na janye ta. Intalok yana nan a raina, kuma duk ranar da na samu hali wannan gindin da na daddaɓe shi za a ɗora a kai.

Amaryar Bara:
Duk na yarda da maganar manya, amma zuciya ma tana da hakki. Mu wata shida muka yi muna jiran "a gama muhimmi tukuna", har na fara jin nauyin a kawo min ziyara. Wata Asabar muka yi wa ƙofa fenti, muka sa fitila mai aiki da hasken rana a saman get, tukwane biyu dama da hagu, muka kwashe tarkacen katako da buhunan siminti. Shi ke nan fa. Sharar nan kaɗai ta canza fuskar gidan fiye da yadda na zata. Fitilar dai ku sa ta inda rana take dukanta sosai, tamu ta farko a ƙarƙashin rufi muka maƙala, ƙarfe tara na dare take mutuwa.

Tsohon Birkila:
'Yata, kwashe katakon nan da kika yi ya fi ado. Guntun katako a jikin bango gayyatar gara ne. Haka masu zuba ɓawon itace ko busasshen ganye a gindin shuka don riƙe laima, abu ne mai kyau, amma a janye shi daga bango da kuma jikin kututture.

Sabon Maigida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maiɗakina duka. Shekaranjiya aka yi ruwa, na fita da lema ina zagaya gida kamar yadda Baban Yara ya sa ni tunani, kuma ga shi nan: ta gabas ruwa yana taruwa a gindin bango, indararo ɗaya kuma a kan matakalar baranda yake zuba. Na sa turaku a wuraren. Ledar Baba Birkila ma na manna, da safe na tarar da raɓa, don haka fenti ya koma bayan damina, fuskar titi kawai. Get na goge shi jiya, yau zan shafa jan fentin. Ita kuma ta riga ta karɓo rassa wajen yayarta, bokitai shida suna jere a inuwar baranda.

Saura bishiya. Na auna, daga katanga zuwa ɗaki mita 7 ne, kuma bututun sokawe ya ratsa ta tsakiya. Kaka, a irin wannan wuri me kake ganin zai zauna lafiya?

Kakan Gida:
Babba kam ba za ta yiwu ba, ɗana. Nemi lemun tsami ko rumman, ka kai shi kusurwar da ta fi nisa da bututun, ka bar mita 3 tsakaninsa da bango. Ka dasa yanzu tun ƙasa tana da laima, ka kewaye shi da 'yan sanduna saboda ƙwallon yara.