Abin da aka tattara kan zuwa Tarkwa Bay

Jama'a maganar da ake ta yi kan zuwa Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas, ta yi tsawo, bari in haɗa muku abin da aka faɗa wa masu son taka bakin teku in an je Legas.

1. Kowa ya yarda sai da kwale-kwale ake shiga, mota ba ta kaiwa. A sa rigar ruwa, a tambayi direba ƙarfe nawa zai dawo tun kafin a sauka.

2. Duwatsun nan da aka jera don tare igiyar ruwa a bakin tashar jiragen ruwa, nan aka fi jan kunne. Wai don mutum ya saba hawa dutsen Kufena na Zariya kada ya ɗauka ɗaya ne, na Kufena busasshe ne, waɗannan a jiƙe suke da gansakuka ga santsi, igiya kuma tana iya zuwa ta bayanka kana tsaye kana hoto. Silifas ba zai yi ba, kambas mai riƙo.

3. Ruwan teku yana cika yana janyewa sau 2 a rana, inda ka bi da safe ƙila ruwa ya rufe shi da yamma.

4. An rabu kan yara. Wasu sun ce a je da su a tsaya kan yashi, wasu iyaye mata suka ce sam. Ni dai ina tare da su wallahi, yaran da ko dam ɗin Kubanni ba mu bari su matsa.

5. Lokaci ma an rabu, sassafe ko bayan la'asar, masu safiya sun fi yawa.

A riƙe ruwan sha, waya a leda, a kwaso sharar da aka yi.