Taƙaitawar muhawararmu kan yaran da rikici ya raba da gidajensu

Jama'a, ga abin da na tsinto game da yadda za a kula da yaran Borno da Yobe da suka iso Kano:

1. Kusan kowa ya yarda rajista ce farko: sunan yaro, sunan iyaye, garinsu, har laƙabin da ake kiransa a gida, domin ƙaramin yaro sau da yawa laƙabin kaɗai yake tunawa. Da wannan Red Cross ke nemo dangi. A sanar da mai unguwa kafin wani ya tafi da yaro.

2. Rigakafin ƙyanda da mashaƙo, ganin yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023. A auna damtsen yaro da tef mai launuka na gwajin tamowa. Idan ya nuna ja, tamowa ce, sai asibiti.

3. Nan aka rabu. Wasu na son gidan marayu, wasu suka dage kan riƙo a hannun dangi. Ni na fi karkata ga riƙo, muddin ana leƙawa, don kada yarinya ta koma 'yar aiki ko 'yar talla.

4. Kada a tilasta wa yaro ba da labarin abin da ya gani, kada a sa hotonsa a Facebook.

Batun tsangaya ba a cimma matsaya ba.