Jikokin sojojin Bama (Burma) na yaƙin duniya na biyu, me tsofaffinku suka faɗa kan ƙananan hafsoshin Turawa?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Jiya na bi ta gaban barikin Chindit a Zariya, sai kakana ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Yana cikin 'yan Najeriya na rundunar da ake kira Chindit, waɗanda jirgi ya sauke a bayan sahun Japanawa a 1944, suka tsare sansanin da Turawa suka laƙaba wa White City. Labarin da ba ya gajiya da shi na wani laftana ne, George Cairns. Bai gan shi da ido ba, don ya mutu kafin su iso, amma sun tarar da zancensa a bakin kowa. Wani hafsan Japan ya sare masa hannun hagu da takobi a kan tudun Pagoda. Cairns ya kashe shi, ya ɗauki takobin da hannun da ya rage, ya ci gaba da sara a gaban mutanensa har ya faɗi. Sai a 1949 aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya, domin takardar shaidar ta salwanta a jirgin da ya faɗi da Janar Wingate, shugaban rundunar Chindit. Ku fa, me kuka ji a gida?

Maman Ikram: Wa alaikumus salam, Malam. Babanmu na runduna ta 81 ne, a kwarin Kaladan. Nasa laftanan ko gemu bai fara ba, Hausarsa kuwa abin dariya, wai "kai zo, ku tafi". Amma da zazzaɓi ya kayar da wani ɗan dako, yaron nan ya ɗora akwatin harsashi a kansa, babu gammo, ya hau dutse da shi. Baba ya ce daga ranar ba wanda ya sake kwaikwayon maganarsa. Ni na sha ganin tabon matsattsaku a ƙwaurinsa idan yana alwala, ɗigo-ɗigo kamar an ɗiga masa wuta.

Bagobiri: Hajiya, ki yi haƙuri in ɗan ɓata zancen. Wa ya koya wa yaran nan daji? Sajojinmu ne. Kakana saja ne a runduna ta 82, yana nan aka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945. Ya ce sabon laftana mai hankali shi ne mai tambayar saja kafin ya buɗe taswira. Kuma albashin baƙar fata bai ko kusa da na Bature ba, ga harsashi ba ya tambayar launi.

Maman Ikram: Gaskiyarka, Yaya. Baba ma da ƙorafin kuɗin sallama ya rasu. Sai dai ko sau ɗaya ban ji ya zagi yaron nan ba.

Zango Boy, Kumasi: Mu nan Gana hedikwatar soja ma Burma Camp ake ce mata. Kawuna ya ce nasu hafsan, idan jirgi ya jefo abinci da laima, sai kowa ya karɓa kafin ya buɗe gwangwaninsa. An harbe shi a cinya wajen tsallake wani rafi, su huɗu suka yi kwana biyu suna ɗauke da shi a kan gora.

Ɗan Tudun Wada: Ya rayu kuwa, ɗan uwa?

Zango Boy, Kumasi: Kawu bai taɓa sani ba. Sun miƙa shi ga masu jinya, suka juya.