Wace kalmar Hausa za ta tsaya wa "apellido"? Misali da sunan Rodrigo Hernández Cascante

Mai fassarar labarai: Assalamu alaikum malamai. Ana neman kalmar da za ta tsaya wa *apellido* na Sifaniyanci, wato sunan da ke biyo bayan ainihin sunan mutum. A takardun banki da na makaranta "sunan mahaifi" muka saba gani, kuma shi muke ɗora wa kowane baƙon suna. To ga ɗan wasan tsakiyar nan da ake kira Rodri, wanda ya ci kyautar Ballon d'Or ta 2024 yana Manchester City. Cikakken sunansa Rodrigo Hernández Cascante. In Hernández sunan mahaifinsa ne, Cascante fa? Sunan kakansa ke nan?

Malamar Sifaniyanci: Wa alaikumus salam, Malam. Babu sunan mahaifi ko na kaka a ciki irin yadda muke nufi. Sunan Basifaniye kashi uku ne. Akwai *nombre*, wanda aka raɗa masa, nan Rodrigo ke nan. Sai *primer apellido*, *apellido* na farko, wanda bisa al'ada ake ɗaukowa daga *apellido* na farko na uba, wato Hernández. Sai *segundo apellido*, na biyu, daga *apellido* na farko na uwa, wato Cascante. Uban ma gadon Hernández ya yi, ba raɗa masa aka yi ba. Mace kuma ba ta sauya nata don ta yi aure, saboda haka a gida ɗaya miji da nasa biyu, mata da nata biyu, 'ya'ya kuma sun ɗebi ɗaya daga kowane ɓangare.

Rodrigo suna ne na Bisigot, Jamusawan da suka mulki Sifaniya kafin zuwan Musulmi. Gaɓar farko tana nufin shahara, ta biyu iko ko sarauta. Shi ne sunan sarkinsu da rundunar Ɗariƙu bin Ziyad ta ci da yaƙi a 711, wanda littattafan Larabci ke kira Luzriƙ. Shi ne kuma sunan jarumin da aka fi sani da El Cid, Rodrigo Díaz de Vivar, da ya mutu a Valencia a 1099, kuma "Cid" ɗin nan daga "sidi" na Larabci ya fito. Ku lura da Díaz: sunan mahaifinsa Diego. A zamaninsa ɗafa-ƙeyar *-ez* ko *-az* ko *-iz* tana nufin ɗan wane da gaske, kamar "ɗan" a Usmanu ɗan Fodiyo. Ɗan Rodrigo shi ne Rodríguez, ɗan Gonzalo González, ɗan Sancho Sánchez, ɗan Hernando Hernández. Hernando kuwa Fernando ne da f ta koma h a bakin mutanen Kastiliya, irin fuɗu da huɗu a wajenmu, don haka Hernández da Fernández tushensu ɗaya. Daga baya sunan ya daskare, ya daina canzawa daga uba zuwa ɗa. Hernández na yau ba ɗan wani Hernando ba ne, tattaɓa-kunnensa ne na ɗaruruwan shekaru. Cascante kuma sunan gari ne a yankin Navarra.

Malamin Hausa: Madalla da wannan bayani, Malama. Da shi "sunan mahaifi" ya fita, ta hanya biyu. Namu yana sauyawa kowane hawa: Musa Garba ya haifi Sani Musa, shi kuma ya haifi Aminu Sani. Nasu ba ya motsi. Kuma rabinsa na wajen uwa ne, ba yadda za a kira Cascante sunan mahaifi.

"Laƙabi" ma ba ya yi, ko da yake wasu na amfani da shi. Tanko da Ɗanjuma da Ladi su ne laƙabi, ba a gadonsu. In ana neman abin da ya yi kama da laƙabi a wannan misali, "Rodri" ne. "Sunan gida" kuma Bahaushe zai ɗauka sunan da ake kiran mutum a cikin gida ake nufi. "Sunan iyali" kwaikwayon Turanci da Faransanci ne, kuma a nan zai yi ƙarya, domin iyalin mutum matarsa ce da 'ya'yansa, ga shi kuwa matar ba ta ɗauke da sunan. Saura biyu: sunan dangi da sunan zuri'a. Ni na fi karkata ga sunan zuri'a, domin zuri'a gangarowa take yi daga kaka guda, dangi kuwa ya haɗa har ƙanen uwa da 'ya'yan goggo, waɗanda sunayensu daban ne.

Mai koyar da fassara a Nijar: Malam, ina da ja a nan. Sunan uwa ba ya gangarawa. Idan Rodri ya haihu, ɗan zai ɗauki Hernández da sunan farko na tasa uwar, Cascante ya tsaya ke nan. Abin da ya ƙare a hawa ɗaya yaya za a ce masa na zuri'a? "Dangi" ya fi sauƙi a baki, kuma mai sauraron rediyo zai gane nan take.

Malamin Hausa: Jan naka yana da tushe, Malam, amma dubi inda Cascante ya fito. Sunan zuri'ar kakansa ne na wajen uwa, kuma yana ci gaba ta hanyar 'ya'ya maza na gidan. A wajen Rodri ne kawai ya tsaya. Don haka mutum yana ɗauke da sunayen zuri'a biyu, yana miƙa ɗaya. A hira ko a rediyo ba zan hana kowa cewa sunan dangi ba. A rubutu da ƙamus a tsaya kan zuri'a.

Malamar Sifaniyanci: Na yarda da zuri'a, amma kada a ce "na wajen uba" da "na wajen uwa" a matsayin fassarar *primer* da *segundo*. A ce na farko da na biyu. Dalili shi ne doka. Tun 1999 Sifaniya ta ba iyaye damar sa na uwa a gaba idan sun amince, kuma daga 30 ga Yuni 2017 na uba ya daina zama wanda ake sawa gaba kai tsaye. Sharaɗin shi ne tsarin da aka bi wa ɗan fari shi za a bi wa ƙannensa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Mai fassara da ya ga suna a takarda ba shi da tabbacin wanne ne na uba, amma ya san wanne ne a gaba.

Ga *nombre* kuma, suna cewa *nombre de pila*. *Pila* ita ce kwatarniyar dutse da ake baftisma a coci, amma suna faɗar haka ko ga wanda ba a yi wa baftisma ba.

Malamin Hausa: To ai "sunan yanka" ya zauna daram. Kowa ya san ana nufin ainihin sunan da aka raɗa, ba wanda ke tambayar ko rago ya faɗi. Irin su Hernández da Rodríguez kuma a kira su sunan nasaba, a raba su da na gari kamar Cascante da Navarro, da na sana'a kamar Herrero, maƙeri, da Zapatero, mai ɗinkin takalmi, da na siffa kamar Delgado, siriri. Na gari ba baƙo ba ne a wajenmu, ga Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Mai sharhin wasanni: Malamai, kalma ta samu, saura aiki da ita, don a nan ake ɓarna. Mun saba ɗaukar sunan ƙarshe mu kira mutum da shi, kuma a Sifaniyanci wannan kuskure ne. Idan za a taƙaita, na farko ake ɗauka ko duka biyun: Hernández ko Hernández Cascante, ba Cascante kaɗai ba. Firaministan Sifaniya Pedro Sánchez Pérez-Castejón, Sánchez ne. Marubucin Kolombiya Gabriel García Márquez, García Márquez ne, kuma a jerin sunaye ƙarƙashin G yake. Tsohon shugaban Meziko López Obrador ne, ba Obrador ba. Inda ake kauce wa wannan shi ne idan na farkon ya cika yawa har ba ya bambanta kowa. José Luis Rodríguez Zapatero ya zama Zapatero, Pablo Ruiz Picasso ya zama Picasso, don García da Rodríguez da Ruiz sun cika ƙasar. Wannan ba doka ba ce, sai a bi yadda mutanen ƙasar ke kiran mutumin.

Tarko na biyu shi ne sunan yanka mai kalma biyu. José Luis suna ɗaya ne, haka Juan Carlos. José María namiji ne, kamar José María Aznar, María José kuwa mace ce. Lamine Yamal na Barcelona duka biyun sunan yanka ne. Sunayen zuri'arsa Nasraoui Ebana, na farko daga mahaifinsa ɗan Maroko, na biyu daga mahaifiyarsa 'yar Ikwatoriyal Gini. Duk wanda ya rubuta cewa Yamal sunan babansa ne ya yi kuskure. A furuci kuma ba a faɗar h ta Hernández, Ernandes ake ji a Meziko, kuma j ta José kusa take da h tamu.

Mai fassarar labarai: Mun gode. Zan rubuta sunan yanka, sunan zuri'a na farko, sunan zuri'a na biyu. Tambaya ɗaya ta rage, Malama: haka za mu yi wa 'yan Fotugal da Brazil?

Malamar Sifaniyanci: Kalmar dai ita ce, amma jerin a juye yake. A Fotugal na uwa ne ke gaba, na uba a ƙarshe. Cristiano Ronaldo dos Santos Aveiro: Cristiano Ronaldo sunan yanka, dos Santos na mahaifiyarsa, Aveiro na mahaifinsa. A Ajantina kuma, duk da Sifaniyanci suke yi, da yawa sunan zuri'a ɗaya suke ɗauka. In aka ga "de" kamar a Cristina Fernández de Kirchner, Fernández ne nata, Kirchner na mijinta ne.